Rasuwar Filtata, Mai Tace Hayaniya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan'uwa masu rediyon ji-da-aikawa rasuwar filtata, wadda ta cika ranar Laraba da hantsi a kan teburin ɗakina.

An haifi marigayiya a cikin gwangwanin kifi. Ni na haɗa ta da hannuna daga kayan tsohuwar talabijin, shekarar da na bar makaranta kowa yana cewa ba zan iya zama wuri ɗaya ba. Ita ce ta zaunar da ni. Rediyona mai ƙaramin ƙarfi ce, wat biyar kacal, kuma unguwarmu injin markaɗe ne da janareta da mai walda. In na saka abin ji a kunne ba tare da ita ba, sai shuuu kamar ruwa a kan kwano. Da na murɗa ta, sai duk su kauce, a bar siririn sauti guda, wanda muke aika wa juna saƙo da shi: di-di-da, di-da. Ba ta taɓa yi mini gori ba.

Ba ta yi jinya ba. Wayoyinta biyu duk baƙaƙe ne, don su na samu, saboda haka na ƙulla ɗaya in riƙa gane wadda ke zuwa jan kan batir. Yayata ta shigo gyaran ɗaki, ta ga ƙulli, ta zauna ta warware shi tsaf saboda ƙauna. Na dawo na jona yadda hannu ya kai. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "tas", sai ɗan hayaƙi.

Ta rasu ta bar rediyo ɗaya da ta kurmance, da eriyar waya da ke ɗaure a bishiyar bayan gida, da batir wanda ko a jikinsa. Ta kuma bar wani dattijo a can bayan teku, mai fitowa a rediyo duk Asabar da yamma. Na daɗe ina binsa. A makon jiya ya kamo rabin lambar kirana, ya nemi in maimaita, kafin iska ta ɗauke shi. Wannan Asabar ɗin ce za mu ƙarasa.

Cikin masu ta'aziyya har da ɗan mai gidanmu na bene, wanda ya fara harkar nan bana, bayan ya leƙa ɗakina. Rediyonsa wat ɗari ce, daga kwali ya ciro ta, filtarta a ciki take, maɓalli kawai yake dannawa. Shi ma dattijon yake nema. Ya ɗaga gawar, ya shinshina, ya yi murmushin tausayi, ya ce in hau sama ran Asabar in saurara a tasa. Wai har kujera zai ba ni. Allah ya saka masa, ya kuma ƙara wa mai walda ciniki a daidai ƙarƙashin tagarsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da yamma, a durowar ƙasa, kusa da su cajar da suka riga ta. Ba a buƙatar taro. Yayata na iya zuwa, amma hannunta a baya. Ana roƙon na bene, in dattijon ya amsa masa, ya rufe taga kafin ya yi ihu, domin a ƙasa ana zaman makoki.