Yadda Za Ka Gyara Ƙofar Gidanka Har Ta Fi Ƙarfinka

Idan kana zaune a Arlit, ƙofar gidanka fayau babu inuwar da ko ƙadangare zai fake, to kakarka ta yanke saƙa. Bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya. Na yi maka alkawari, ƙofarka za ta yi kyan da duk wanda ya zauna ba zai so tashi ba. Riƙe wannan magana da kyau. An gwada dabarar a kan maƙwabcina Zayyadu, mutumin Maraɗi, direban kamiyo, wato babbar motar kaya, kuma ta ci fiye da yadda ya roƙa.

Mataki na 1: Samo dalili mai zafi

Ba a gyaran ƙofar gida haka siddan. Zayyadu dai matarsa Mariyama ce ta tafi haihuwar fari gidan iyayenta a Gugaram. An yi suna, an gama wanka, yaro har ya fara rarrafe, ba ta dawo ba. Kewa ta dame shi, abinci ya daina yi masa daɗi. Da ya aika a yi wa iyayenta tuni, sai surukinsa Amastan, dattijon makiyayi Ba'abzine, ya aiko da amsa: "Na ga gidan nan. Bango ne da rana. Jikana ba burodi ba ne da za a gasa cikin yashi."

Idan ba ka da suruki irin wannan, ka dakata da karatu, ka je ka nemo.

Mataki na 2: Kafa rumfa, amma kada ka kira ta rumfa

Ka ce baranda. Rumfa ta mai tsire ce. Kira magini ya yi maka daɓe da dakali, a ɗora kwano, a shimfiɗa tabarmin kaba a ƙarƙashinsa, don kwano tsirara a garin nan kasko ne. Sannan ka tabbata barandar ta rufe gaban gida daga wannan kusurwa zuwa waccan, yadda ba mai shiga ba mai fita sai ta ƙarƙashinta. Zayyadu ƙofa ɗaya gare shi, kuma haka ya yi. Masana sun ce nan kyan yake.

Mataki na 3: Zuba kore

Ruwa a Arlit ba abin wasa ba ne, saboda haka mai wayo ciyawar roba yake saye. Zayyadu ya ɗauko nashi naɗi a hanyar Assamakka, ya malala shi gaban baranda, ya ɗauki hoto ya tura Gugaram. Amsa ta dawo da muryar Mariyama, tana danne dariya: "Baba ya ga hoto. Ya ce a ba akuya ta ɗanɗana, in ta ci a gaya masa."

Naɗe robarka ka kai masallaci sadaka. Makiyayi ba ya auna ciyawa da ido. Ka nufi wajen masu garka, wato lambu, ka samo zogale, da lalle, da na'a-na'a, da ɗan bedi guda, wato dogon yaro. Ka riƙa ɗauko musu ruwa a jarka bisa kabu-kabu. Idan ya kama ka yi wanka da buta zogale ya sha bokiti, to ka yi. Zayyadu ya rame, zogale ya yi ƙiba.

Mataki na 4: Gayyato mai duba aiki

Ranar da Amastan ya iso, ya zo da Mariyama, da jikansa, da butar shayi, da awaki waɗanda ya ce rakiya kawai suka yi. Ya zauna kan dakali, ya ɗaga kai ya dubi tabarmi, ya tsinki na'a-na'a ya sansana. Bai dubi Zayyadu ba, don suruki ba ya duban suruki. Butar shayin ya yi wa magana.

"Rumfa ya yi kyau," ya ce da Hausarsa ta Abzinawa. "Iska yana shiga. Mariyama ya zauna."

Zayyadu na durƙushe can gefe, farin ciki ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa. Kai ma idan ka kai nan, ka more shi sosai, don ba ya daɗewa.

Mataki na 5: Kada ka tambayi baƙo ranar tafiya

An share wa dattijo ɗaki, an sa katifa da fanka. Ya leƙa, ya dawo. "Ɗaki akwati ne," ya gaya wa 'yarsa. "Ni ba kaya ba." Ya shimfiɗa buzunsa daidai bakin ƙofa, inda iska ta fi daɗi, ya hura gawayi.

A nan ne za ka tuna kunyar suruki, wadda a wajen Abzinawa ba ta da hutu. Ba ka ci gabansa, ba ka sha, ba ka zama inda yake zaune. Sau ɗaya Zayyadu ya yi gyaran murya ya raɓa ta gefen ƙafafunsa. Dattijo rawaninsa kawai ya ja har ƙarƙashin ido. Mariyama ce ta same shi a tsakar gida.

"Maigida, mahaifina ka tsallake kamar kwata?"

"To ta ina zan shigo?"

"Da can da kake gini ba ka tambaye ni ba."

Kada ka damu da shuke-shukenka a wannan mataki. Awaki za su yi wa zogale aski kyauta, na'a-na'a kuma ta san hanyarta zuwa buta.

Mataki na 6: Koyi shiga gidanka ta baya

Fara da tsani. Idan maƙwabta suka gan ka bisa katanga da ledar nama a baki, ka ce motsa jiki kake. Da gwiwa ta fara ƙara, Zayyadu ya kira magini ya fasa masa 'yar ƙofa ta lungu. Sai dai mai hali ba ya fasa halinsa. Ya ga wurin babu inuwa, ya kafa sanduna, ya yafa tabarma, ya dasa reshen zogale. Yana zaune da kofin shayinsa na farko, sai ga Mariyama goye da yaro, fuskarta cike da albishir.

"Baba ya zagayo ya ga nan, ya ce hannunka na da albarka. Ya aika wa ƙanensa Akoli. Shi ma ba ya son ɗaki."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya, walau awaki, walau raƙumi, walau dangi. Alkawari na cika: wanda ya zauna bai tashi ba. Zayyadu ya samu matarsa da ɗansa, kuma ya ce da a sake, haka zai yi. Ya faɗa mini wannan ne a ƙarƙashin kamiyonsa, inda yake shan shayi yanzu. Mai neman ƙarin bayani ya same ni a gida. Ƙofata ce wadda babu ko tsinke a gabanta, ka zo da malafarka.