Yadda Aka Raba Tutocin Taken Daji

A wani daji da tsuntsaye ke da majalisa, raɗe-raɗi ya bazu cewa an sallami Goggo Tasalla, tsohuwar kurciyar da ta koya wa rabin dajin waƙa.

Asalin maganar kuwa, da damina Shamuwa ta zo da sabon ilimi daga ƙetare, ta zana taken dajin a jikin kuka: layuka biyar, an jera alamomi a kansu, kowace alama murya guda. Kowace tana da kai, wani baƙi, wani fari mai rami. Yawancinsu da sanda tsaye a gefen kan, wasu sandunan kuma da 'yar tuta a sama, ɗaya, biyu, har uku. Kafin Shamuwa ta gama bayani ruwa ya ɗauke, ta yi gaba. Sai majalisa ta zauna rabon alamomin, don kowa ya rera tasa ran bikin shekara.

Ɗawisu, shugaban majalisa, ya gyara tsayuwa ya ce, "Jama'a, rana ba ta bukatar fitila. Kai dai kowa na da shi, har kaska. Sanda ta dattawa ce. Tuta kuwa, wa ya taɓa ganin an kafa ta a ƙofar talaka? Saboda haka, ba don son raina ba, zan ɗauki mai tuta uku. Burtu da Shaho, bibbiyu. Saura a bi daraja."

Aka bi daraja har aka zo kan Goggo. Alamar ƙarshe ta rage: farin kai, ba sanda ba tuta, kamar ƙwan da aka shanye.

Hankaka ya zo mata jaje. "Sannu da haƙuri, Goggo. Ko sandar dogarawa ba su bar miki ba!"

"Ɗan nan, wa ya gaya maka tuta girma ce?"

"Ai kowa ya sani."

"Shi Kowa ɗin bai taɓa zama ajina ba."

Duk da haka abin ya tsaya mata a rai. In zancen gaskiya ne, ran biki za ta tsaya gaban ɗalibanta a matsayin wadda aka yar. Amma ita ba ta sayen kifi a ruwa. Ta tafi wajen Maƙwaƙwafi makaɗi, mai ƙwanƙwasa itace da baki, wanda ya haddace taken daga bakin Shamuwa, ta ce ya buga mata sannu-sannu, ita kuma tana bin alamomin da baki. Ya buga. Ta ce a sake. Ya sake.

"Haba Goggo, bakina fa ba taɓarya ba ne!"

"Buga dai, ɗan albarka, ƙirga nake."

Farin kai marar sanda, ana riƙe muryarsa har bugu huɗu. In an sa masa sanda, biyu. In kan ya yi baƙi, ɗaya. Kowace tuta kuma sai ta raba abin da ya rage biyu. Goggo ta yi dariya har da hawaye.

Ta koma majalisa ta zayyana musu abin da ta gani, don kada a ce ta sani ta ɓoye. Ɗawisu ya dube ta da tausayi. "Goggo, mun san zafin rashi. Albarkacin shekarunki, majalisa za ta sam miki tuta ɗaya."

"Ranka ya daɗe, a bar ni da ƙwaina. Wuyan tsohuwa ba ya ɗaukar kaya."

Burtu ya ce to tunda ta ƙi, kada a yi asarar tutar, a ƙara wa shugaba ta zama ta huɗu. Aka yi na'am baki ɗaya.

Ran biki daji ya cika maƙil. Ɗawisu ya baza jela, ya cika ƙirji da iska, ya buɗe baki. "Ƙi—" Kiɗa ya riga ya wuce shi. Burtu da Shaho suka yi ƙyas-ƙyas, kamar an taka busasshen ganye. Da taken ya zo ƙarshe, Goggo Tasalla ta ɗaga kai ta saki muryarta, ta riƙe ta, ta riƙe ta, har dajin ya yi tsit, ɗalibanta a kan rassa suna kumbura ƙirji kamar su ke rerawa.

A rubutun waƙa, alamar da ta fi yawan tuta ita ta fi saurin wucewa.