Rumbun Da Na Ciro Da Hannuna

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na je Maƙarfi na tara wa kaina jama'a ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma babban abin haushin, ba ni da wanda zan kama da laifi.

Shekara tara ina koyar da darasin kwamfuta a wata firamare a Hunkuyi. (Da alli nake koyarwa, don makarantar ba ta da ko guda ɗaya. Amma in na zana ta a allo, sai ka rantse za ta kunnu.) Ina da wata tsohuwar laftof da ta daɗe da mutuwa. A cikinta akwai bidiyon da na ɗauki marigayi Baba yana zagaya iyakar gonarmu ta Likoro, har ya dafa wata ɗorawa yana cewa, "Wannan tamu ce." Bayan rasuwarsa, maƙwabcinmu na gona ya ce tasa ce. Dagaci ya sa ranar zama, yayana kuma ya ce in nemo bidiyon. Na ce, "Yaya, kwantar da hankalinka, wannan ai aikina ne."

Ban ga dalilin kinkimar gawar laftof zuwa wurin mai gyara ba, ni da nake malamin abin. Na kifa ta, na kwance noti ɗaya, na zaro wani ƙarfe mai kusurwa huɗu, sak irin wanda nake zana wa yara da sunan rumbun ajiya, wato had-dis. Na naɗe shi a sabon hankici. Ragowar kuwa na ce wa maiɗakina in mai gwangwan ya zo ta ba shi, ta daina tare mana wuri.

Na isa shagon mai gyara a Maƙarfi, ga masu cajin waya cike. Na miƙa wa mai gyaran ƙunshina, na ce ya kwashe mini abin da ke ciki zuwa sabuwar kwamfutata. Ya juya shi sau biyu.

"Malam, wannan ai ba komai a cikinsa."

"Kamar yaya ba komai? Ko jona shi ba ka yi ba!"

"Ba shi ba ne, Malam."

Nan fa na hau. Na ce na san halinsu, su ce abu ya lalace don a bar musu. Na ce wanda bai gama sakandare ba ba zai koya wa malamin kwamfuta aiki ba. 'Yan acaɓa suka kashe babura suka matso. Wani dattijo har ya goya mini baya, yana cewa, "Injiniya, ka ji tsoron Allah."

Mai gyaran ya ɗauko allura, ya soka a wani ɗan rami da ke gefen ƙarfen. Sai ga wani faranti ya zuro waje kamar harshe.

"Wurin sa faifan sidi ne wannan. Rumbun yana jikin laftof ɗin. Ina take?"

Sai dattijon nan ya juyo, "Malam, a wane gari ka ce kana koyarwa?"

Na ce Ikara. (Mutanen Ikara, ku yafe mini.)

Ban san yadda na iso gida ba. Maiɗakina ta tarbe ni da sabuwar robar wanki shuɗiya, tana murna da abin da mai gwangwan ya ba ta. Na fara faɗa, ta ce, "Malam, da bakinka fa ka ce." Kwana uku ina bin masu gwangwan lungu-lungu, kowa ya ce kayan ranar tuni an auna su an loda a mota. Wai a ce cikinsu ba wanda ya tsaya ya duba abin da yake fasawa!

Ranar zama, maƙwabcin ya zo da shaidu biyu, ni na zo da dogon bayani. Ɗorawa ta tafi. Na so Yaya ya zage ni in huta, amma a hanyar komawa cewa kawai ya yi, "Ni ba itacen ne ya dame ni ba. Muryar Baba na so in sake ji."

Tun daga ranar, ko agogon bango ne ya tsaya, ɗungurungum nake kai shi wurin mai gyara, in miƙa da hannu biyu, bakina a rufe.