Darakta da Tukunyar Dalma

Tun da asuba Darakta ya fito tsakar gida da kwat ɗinsa, ya durƙusa gaban tukunyar narka dalma yana goge ta da ɗankwalin matarsa. Irinsa ba su da yawa. Shi ne mutumin da ya kafa kamfani a ɗakin ajiyar shirgi, ya naɗa kansa Darakta, ya kuma taya kansa murna. Kafin wannan matsayi yana ɗinkin lema ne a bakin titi, amma ba ya son a tuna.

Tukunyar a gwanjo ya saye ta. Mai aiki da wutar lantarki ce, tana tsaye kan ƙafa, da ɗan bututu a gindi inda narkakkiyar dalma ke fitowa. Ta zo da tsatsa da tsohuwar waya duk ɓera ya ci. Darakta ya ce zai mayar da ita sabuwa, kuma ya yi aiki, ba a hana shi wannan. Ya kankare ta, ya shafa mata jan fenti, ya zana mata zobe mai ruwan zinariya a wuya. Ya rubuta DARAKTA a jikinta da manyan baƙaƙe. Wayar kuwa ya naɗe ta da leda.

Ƙanin matarsa masunci ne. Ya saƙa sabon taru, amma taru ba ya nitsewa sai da 'yan dunƙulen dalma a bakinsa. Ya daɗe yana tsintar dalmar nan, guntu-guntu, har ta cika ƙaramin buhu. Ruwa ya kawo, abokan sana'arsa suna ta kamu, shi yana gida. Da ya ce zai narka abarsa a gwangwani kan gawayi, Darakta ya dafe ƙirji.

"Gwangwani? Kana surukin Darakta? Kawo nan, ƙanena. Yau za ka ga ilimi."

Masuncin ya dubi yayarsa. Ta kawar da kai. Ya miƙa buhun.

Ba a kunna injin Darakta a ɓoye. Ya aika aka kira tela da mai aski da maƙwabcin da ke gyaran keke, ya jera musu benci. Yana dudduba tukunyar kallon ƙarshe sai idonsa ya faɗa kan wata siririyar sandar ƙarfe da ke tsaye a cikinta, baƙa, ta ɗan karkace. Fenti bai kama ta ba. Ya sa filaya ya zare ta, ya ɗaga wa jama'a.

"Kun ga sakacin masu ƙera kaya? Sun manta ƙusa a ciki."

Ya cillar da ita kan rufi. Mai aski ya gyaɗa kai, don a wurinsa duk wanda yake yi wa aski gaskiya yake faɗi.

Sandar nan ita ce ke toshe bututun gindi.

Aka juye dalma, aka kunna wuta. Darakta ya juya wa tukunyar baya, ya fuskanci benci, ya gyara wuyan kwat.

"Jama'a, dalma kamar ɗan Adam take. Sai ta haɗu da shugaba take laushi. Yau taru ɗaya, gobe jiragen ruwa. Ba na son yabon kai, amma duniya ta yi jinkirin gano ni."

Fentin ya fara hayaƙi. Tela ya yi tari.

"Ƙamshin ci gaba ne," in ji Darakta.

"Yaya," in ji masuncin, "kamar tana ɗiga."

"A wurin aiki Darakta nake."

"Darakta, tana ɗiga."

"Gumi ne. Kowane inji yana gumi."

Matarsa ta leƙo daga ƙofar kicin. "Maigida, gumin naka ya kusa dugaduganka."

Ya waiwaya. Dalma na tsiyaya kamar an buɗe famfo, ta malale kan siminti tana sheƙi, ta zagaye ƙafar tukunyar, ta haɗiye filayar, ta nufi wayar. Ledar ta narke, wani abu ya yi tas, wutar gidan ta ɗauke. Darakta ya tsinci kansa a kan benci tsakanin tela da mai aski, bai san lokacin da ya hau ba.

Daga can sama ya ce, "Gwajin farko ke nan. Ta narke ko ba ta narke ba?"

Ta narke kam. Da ta huce ta zama faifai guda, mai faɗin tire, da tukunyar dashe a tsakiya da hannun filaya a waje. Masuncin ya tsuguna ya daɗe yana kallon dalmarsa. Ya ari guduma da cizal wurin mai gyaran keke, ya ɓamɓare faifan daga siminti. Sai dai ya je ya sassara shi da hannu, ya matse a bakin tarun ɗaya bayan ɗaya, in ruwan ya jira shi. Tukunyar ta ƙi rabuwa da dalmar, don haka ya ɗora su duka a ka, ya fita yana tangaɗi.

Darakta ya sauko daga benci, ya kaɗe kwat, ya bi shi har bakin titi. Can ya sha gabansa, ya yi ɗage, ya juya tukunyar a kan surukinsa yadda rubutun zai fuskanci masu wucewa.