Faɗowar Marlys Brandvold ta Ƙarshe

Duk wanda ya ce garin Duluth bai haifi manya ba, bai san Marlys Brandvold ba. Ita ce Sarauniyar Tsawa. Da kanta ta raɗa wa kanta sunan, kuma ba wanda ya ga amfanin musu da ita. Tun tana budurwa ta rataya jita ta shiga kiɗan rok. Gashi ya yi fari, ta rina shi ja, ta ci gaba. Waƙarta guda ce ta taɓa shiga rediyo, a wata bazara mai nisa, amma in tana ba da labarin sai ka ɗauka dominta aka ƙera rediyon.

Ba murya ce ta fito da ita ba, a faɗi gaskiya. Faɗowa ce. A tsakiyar waƙar ƙarshe takan juya wa jama'a baya, ta ware hannuwa, ta rufe ido, ta saki jiki daga kan dandamali. Samari su cafe ta, su yi ta miƙa ta bisa kawunansu har bakin ƙofa.

"Bayana bai taɓa sanin ƙasa ba," in ji ta. "Mai tsoron faɗowa ya koma coci ya yi waƙa."

Bana ta sanar da wasan bankwana. Ta sha yin bankwana, amma wannan karon likita ya sa baki. Aka sa wasan da la'asar a zauren gari, domin masoyanta sun daina tuƙi in duhu ya yi.

Ƙanenta Duane, wanda ke buga mata ganga, ya leƙa ta labule ya dawo yana sosa ƙeya.

"Marlys, kin ga su waye a gaba? Orville ne da aka canja wa gwiwa. Sai Elmer, wanda matarsa ke ɗaure masa takalmi."

"Waɗannan hannuwan sun ɗauke ni a garin Fargo."

"Lokacin kina rabin haka, su kuma da gashinsu."

"Buga gangarka, Duane."

Ba wai gabanta bai faɗi ba. Ya faɗi. Amma ita Sarauniyar Tsawa ta gama wasanta na ƙarshe, ta kama ƙarfe ta sauko ta matakala kamar mai fitowa daga kantin magani? Wannan ne ba za ta iya ba.

Ta fito cikin baƙar rigar fata. Zaure ya ɗauki tafi, wasu har suka ajiye kofin gahawa. Ta kaɗa jita, lasifika ta yi ruri, mutanen gaba suka rage ƙarar na'urar jin magana da ke kunnensu.

"Duluth!" ta daka tsawa. "Mun girgiza ƙasar nan tare! Sun ce mun tsufa. Wa ya tsufa?"

"Ni," in ji Elmer, ba da wasa ba.

Ba ta ji shi ba. Da aka zo waƙar ƙarshe ta miƙa jitar, ta juya baya, ta ware hannuwa. Ta tsaya a haka. Duane ya yi ta jan kiɗa, yana kallon abin da ke gudana a bayanta. Maza sun taru suna shawara. Orville ya cire tabarau ya ba matarsa ta riƙe. Wani ya tambaya ko a durƙusa ake ɗauka ko a tsaye. Wani ya ruga gefe, gwargwadon gudunsa.

Marlys ta rufe ido gam, ta saki jiki.

Dandamalin dama bai wuce gwiwa ba. Hannuwa da yawa suka tare ta a kafaɗa da ƙugu, ta ji nishi, ta ji wani ya kira sunan Ubangiji. Sai ta ji ta zauna kan abu mai laushi, kuma tana tafiya. Tafiya sumul, ba girgiza, irin wadda ko samarin Fargo ba su yi mata ba. Tafi ta ko'ina. Ta ɗaga hannuwa sama.

"Na gaya muku!" ta yi ihu. "Har yanzu kuna da ƙarfi!"

Ta ji wani abu yana ƙiiƙii a ƙarƙashinta. Ta ji sarai. Amma Sarauniyar Tsawa ba ta buɗe ido sai an kai ƙofa, don haka ba ta buɗe ba. Aka zaga da ita zauren, aka sake zagawa, Orville na turawa yana ɗingishi.

A jikin bango kuwa, Gladys Halvorsen, wadda aka ɗaga daga keken guragunta ba tare da dogon bayani ba, tana tsaye riƙe da gefen tebur.

"Orville," ta ce, "in sarauniya ta gama, a dawo mini da kekena. Ƙafata ta gaji."