Yadda Tsohon Jagora Zai Ɓoye Haki a Kan Kilimanjaro

Kai da ka tsufa kana hawa da baƙi kan Kilimanjaro, yanzu kuma ƙirji ya fara yi maka gardama, matso kusa. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari ba mahaluƙin da zai kama ka kana haki. A wurin Elisante Kileo na Marangu na koye su, mutumin da ya yi furfura a hanyar dutsen. A shekarar da nake ba ka labari, mai kamfaninsu ya ce duk jagoran da aka ga yana haki a gaban baƙi, za a sauko da shi wankin tanti. Ya kuma haɗa Kileo da Minja, mataimakin da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan matsayinsa.

1. Ka mai da rauninka doka

Tun a bakin daji ka tara baƙi, ka ɗaure fuska. Kileo cewa yake yi: "A nan a hankali ake tafiya. Wanda duk ya wuce ni, dutsen ne zai koya masa tarbiyya." Maganar gaskiya ce kuwa, shi ya sa take rufa asiri sosai.

2. Ka ƙaunaci ciyawa

Da ka ji ƙirji ya ɗauki kiɗa, tsaya cak ka nuna wani ganye. Kada ka yi magana nan take, masani ba ya gaggawa. Kileo ya tsayar da ayari guda a kan wani tsiro da ko awakinsa ba sa kallo.

"Baba, wannan ai mun gan shi ɗazu," in ji Minja.

"Wancan namiji ne. Wannan mace ce."

3. Igiyar takalmi 'yar'uwarka ce

Ɗaure ta sako-sako tun daga tanti, za ta kwance daidai lokacin da kake bukata. In 'yan dako suka tayar da waƙa, kai tafi ne naka. Waƙa iska take ci, kai kuwa ba ka da ta kyauta.

4. Ka manne wa mafi tsufa cikin baƙi

Kowa zai ce tausayi ne ya sa ka koma baya. Kileo ya zaɓi Mama Chilufya, wata dattijuwa daga Zambiya da ke tafe da sanda biyu. Ya ji ta ce ta yi ritaya, bai tsaya tambayar daga wane aiki ba. Kai ka tambaya.

5. Inda ganye ya ƙare

A nan ilimina ya yi ƙaranci. Can sama babu ko tsinke, sai tsakuwa da ƙanƙara. Da hantsin ranar ƙarshe, ga ƙololuwa ana hangowa, Kileo ya riga ya ɗaure takalmi har kunya ta hana shi ƙarawa. Ƙirjinsa na zafi kamar an zuba garwashi, Minja na bayansa ya kasa kunne. Tsoro ya kama Kileo, na gaske, ba na wankin tanti kaɗai ba.

Sai Mama Chilufya ta zauna daɓas, ta nuna wani ɗan dutse da sandarta.

"Jagora, tsaya. Wannan namiji ne ko mace?"

Kileo ya dube ta, ita kuwa ko murmushi.

"Sai na duba da kyau, Mama," ya ce, ya durƙusa. Ya daɗe yana dubawa.

Daga nan ba dutsen da ta bari ya wuce ba tambaya.

"Mama, in gajiya ce mu riƙe ki," in ji Minja.

"Ɗana, dutse na zo gani. Ga duwatsu, kuma ka ce in wuce?"

6. A ƙololuwa, kada ka miƙa hannu

Kileo ya miƙa. Sauran baƙi na ta ɗaukar hoto, ita ta kama hannunsa kamar mai godiya, yatsunta suka zarce kan jijiya.

"Ƙuruciyata duk a ɗakin masu ciwon ƙirji ta ƙare, ina aikin nas," ta ce a hankali. "Tun ganyen farko na ji ka. Na kawo ka sama, saura ka kai kanka wurin likita. Matarka miji take jira, ba labarin jarumta ba."

7. Ka sauko da ƙafarka

Minja ya kai rahoto cewa tsohuwar ce ta jinkirta tafiya, Kileo ko sau ɗaya bai yi haki ba. Kileo ya ga likita a garin Moshi, ya sha miyar ayabar matarsa, sannan ya je wurin mai kamfani da kansa ya ce a ba shi tantunan. "Ba kama ni aka yi ba," ya ce. "Ni na sauko."

Togaciya

Ni dai ba ruwana. In ka hau da matakan nan, babu tsohuwar nas a cikin baƙinka, ƙirjinka ne, kai ka san shi, kada iyalinka su zo nemana. Mai ƙorafi ya samu Kileo a bayan ofis, gaban baho. In ka tarar ya tsaya ya dafa bango, kada ka ce masa sannu. Ɗinkin tanti yake dubawa, Minja ma in ya zo wucewa yakan tsaya ya taya shi.