Rasuwar Kabewa, da Wanda Ya Sa Mata Almakashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma zargin da ya hana shi cin abinci da daɗi, Arvid Tollefson na arewacin Wisconsin yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa kwana a bukkar farauta ta bakin fadama, rasuwar rigarsa ta farautar barewa, mai ruwan lemo, wadda kowa ya fi sani da Kabewa. Ta rasu ranar Lahadi da safe, washegarin buɗe farautar bana, a barandar bukkar inda ta saba rataya. Ta haura shekara talatin a duniya. Arvid ya ce a rubuta a fili, kada a yi kwana-kwana: ba ciwo ne ya kashe ta ba, hannu aka sa mata.

Marigayiya ta shigo gidan Tollefson daga wani kantin kayan aiki na cikin gari, a shekarar da 'yarsa Rhonda ta shiga makaranta. Duane Zastrow, ƙanen matarsa, shi ya raɗa mata suna. Ya hango Arvid yana ratso daji da ita, ya ce, “Ku duba, ga kabewa ta yi ƙafa ta fito yawo.” Sunan ya bi ta, kuma Arvid bai yafe wa Duane ba har yau.

Aikinta ɗaya ne a duniya, ta kuma riƙe shi da amana. A makon da duk mai bindiga yake cikin daji, ido ya gaji da jira, har kututture ya fara yi wa mutum kama da barewa, ita ce take gaya wa mai harbi daga nesa cewa wannan mutum ne, yana da mata da 'ya. Barewa ba ta damu da wannan launi ba, ɗan Adam kuwa yana hango shi daga ƙetaren fadama. Shi ya sa doka ta ce a sa, dokar bukka kuma ta fi ta hukuma tsanani: wanda ba shi da rigar da ake gani, ba shi ba daji, ya zauna ya fere dankali.

Baiwar Allah ce mai haƙuri da yalwar aljihu. Ta ɗauki harsashi, da igiya, da kilishin barewa, da gorar kofi, ba ta taɓa cewa ya yi mata yawa ba. Murhu ya taɓa ƙona mata gefe, ta haɗiye. Ruwa da sabulu kuwa ba su taɓa sanin jikinta ba, domin Arvid ya yi imani barewa tana jin ƙamshin sabulu tun daga wata jiha. Saboda haka ko an tashi daga farauta ba ya kai ta gida. Yana barinta a kan ƙusa a baranda, rani da damina, rana ta buge ta, iska ta kaɗa ta, don ta ɗauki warin daji. Matarsa Marlys ta goyi bayan wannan tsari ɗari bisa ɗari, don ta rantse muddin tana numfashi rigar nan ba za ta ƙetare mata ƙofa ba.

Masu makoki za su tuna muryarta. Zif ɗinta yana cewa kirrr, ya tsaya cak a tsakiyar ciki, sai an lallashe shi. In kuwa Arvid yana tafiya, hannuwanta suna gogar gefe, shaf, shaf, shaf, a hankali, irin tafiyar mai ciwon gwiwa. Rhonda ta fi kowa sanin wannan murya. Tana ƙarama, in sanyi ya kama ta a kan kututturen da mahaifinta yake zaman dako a bakin fadama, yakan cusa ta cikin rigar ya ja zif har haɓarta, su zama mutum biyu a riga ɗaya. A nan ya koya mata cewa ba a taɓa kunamar bindiga sai an ga dabba tun daga hanci har wutsiya. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce mai 'ya'ya biyu, kuma ta fi duk mazan bukka iya saiti.

Akwai masu cewa marigayiya ta daɗe tana jinya, wai launinta ya koɗe. Arvid ya musanta wannan ƙazafi. Gaskiya ne bara wani jami'in gandun daji ya tsayar da shi, ya daɗe yana kallon rigar, ya ce, “Yallaɓai, wannan ai ta isa ritaya.” Gaskiya ne kuma Marlys ta sayo masa sabuwa a Kirsimetin da ya wuce, mai ƙyalli kamar alamar masu gyaran titi, wadda ya jefa saman kabad da ledarta. Amma shi a idonsa Kabewa tana nan yadda ya sayo ta, kuma mutumin da ya sa riga shekara talatin ya fi ɗan gandun daji saninta.

Ga yadda aka same ta. Arvid ya fito da kofinsa zai miƙa hannu ga ƙusa, ya tarar babu kowa. Tana kan benci, an tsaga ta daga wuya har ƙasa, an cire hannuwa biyu, an ninke komai tsaf an ɗora dutse don kada iska ta kwashe. A kan gadonsa kuma, ga sabuwar rigar nan ta saman kabad, da ledarta, kamar ta zo da ƙafarta.

“Beguwa ce,” in ji Duane, bakinsa cike da burodi. “Gishirin gumi suke bi. Bara ma sun cinye mana ƙotar gatari.”

“Beguwa mai almakashi?” in ji Arvid. “Beguwa mai ninke kaya? Kai ka taɓa ninke ko tawul a rayuwarka, balle beguwa?”

“To ka ga ke nan ba ni ba ne.”

Arvid bai ga haka ba. Ya rantse ba zai sa sabuwar ba sai an fito da mai laifi, dokar bukka kuma ta hau kansa: kowa ya shige daji, aka bar shi da wuƙa da buhun dankali. Mutumin da bai taɓa fashin farauta ba tun yana saurayi, ga shi yana jin harbi daga nesa yana fere. Abin ya ci masa rai ƙwarai, ya kuma ba shi lokacin bincike.

Da Marlys ya fara, don ita ce mai almakashin ɗinki kala-kala, ita ce kuma ta san inda sabuwar rigar take. Ya tuƙa mota har kan tudun da waya take kamawa ya kira ta.

“Arvid, da ni ce, da ƙona ta zan yi, kuma da tun zamanin da kake da gashi na yi,” in ji ta. “Ka sha maganinka?”

“Wa kika ba rigar saman kabad?”

“Ka sha maganinka, na ce?”

Ya lura ba ta amsa ba, ya ajiye wannan a ransa.

Sai Duane, wanda hujjoji suka yi masa katutu. Ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan kututturen bakin fadama, kuma ranar Lahadin da aka tsare Arvid a bukka, wa aka gani zaune a kai? Ban da haka, Duane ne ranar Asabar ya kawo shawarar a yi kora, wato wasu su ratsa fadama a jere suna koro barewa, wasu su tsaya da bindiga a mafita. Shi ne ya sa Arvid cikin masu kora, ya tsayar da Rhonda a mafitar da ake sa ran wani ƙaton namiji mai ƙaho zai ɓullo. Rhonda ba ta yi harbi ko ɗaya ba ranar. Ta dawo fuskarta ta yi fari fat, ta ƙi cin abinci, aka ji ta tana amai a bayan tarin itace. Wa ya dafa waken rana? Duane. Arvid ya haɗa wannan da wancan, ya ga mutumin da zai iya lalata wa 'yar yayarsa ciki ba abin da zai hana shi yanka riga.

Ranar Litinin da rana, da aka dawo cin abinci, ya ja Rhonda gefe, don ita kaɗai ce bai zarga ba.

“Ki lallaɓa ki duba mini jakar kawunki,” ya ce. “Almakashi nake nema.”

Ta dube shi. Sai ta je motarta ta buɗe akwatin kayan jinya, ta ɗauko almakashin yanka bandeji ta sa masa a hannu. Akwai zare a maƙale a bakinsa. Ta ɗauki bayan rigar daga kan benci, ta nufi sandar da ake rataye barewar da aka harbo, ta shimfiɗa ƙyallen a haƙarƙarin wata da Duane ya kashe.

“Baba, ja da baya. Ƙara ja. To, nuna mini inda riga ta ƙare barewa ta fara.”

Arvid ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ƙara gogewa.

“Na ga wani abu mai ruwan ƙasa yana motsi a cikin ciyawa, daidai inda Kawu ya ce zai fito,” in ji ta. “Na ɗaga bindiga. Na cire makullin da ke hana ta tashi, Baba. Yatsana yana kan kunama, ina jiran in ga ƙaho kawai. Sai na ji shaf, shaf, shaf. Da kunne na gane ka, ba da ido ba. Da iska ta juya ranar, da yanzu sanarwar rasuwarka ake rubutawa, kuma ni ce sanadi.”

“Me ya hana ki faɗa mini?”

“Ɗan gandun daji ya faɗa maka. Mama ta faɗa maka. Tun kafin mu taho ta cusa mini sabuwar a mota ta ce in gwada sa'ata. Kai ana faɗa maka magana ka ji?”

Arvid ya juya ya koma bukka. Ya zauna a bakin baranda da almakashin a hannu, har abinci ya huce. Waɗanda suka leƙo ta taga sun ce sun ga kafaɗunsa suna rawa, shi kuma ya ce sanyi ne, tunda an bar shi ba riga.

Bayan dogon nazari, iyalan marigayiya sun amince da sakamakon bincike cewa beguwa ce. Ba a son ƙarin tambaya a kan wannan. Batun kututture da batun wake kuwa suna nan a buɗe, kuma ana shawartar Duane Zastrow da kada ya ɗauka an manta.

Marigayiya ta bar hula ɗaya mai kunnuwa, wadda ita ma aka gwada ta a jikin barewa aka sallame ta daga aiki. Da safar hannu ta hagu. Da ƙusa a baranda. Da rabin kilishi da aka samu a aljihunta, wanda ba a san shekararsa ba. Ta kuma bar Arvid Tollefson, da ransa da lafiyarsa. Ya ce a rubuta cewa ko da launinta ya tafi, ba ta bar bakin aiki ba, da muryarta ta ƙarasa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan abincin rana, a gindin kututturen bakin fadama. Duane ne zai haƙa ramin, tunda ya san wurin sosai. Ba za a wanke gawa ba, bisa al'adar marigayiya. Marlys ta aiko cewa za ta zo da kek, amma za ta tsaya ta inda iska ba ta biyowa. Hannun riga ɗaya ba zai shiga ƙasa ba, Rhonda ta roƙa a bar mata. Ba a buƙatar furanni, kuma kada kowa ya zo da baƙaƙen kaya: duk mai zuwa ya sa ruwan lemo mai kyau, wanda ya san tasa ta kwana biyu a rana ya fara biyawa ta wurin sandar barewa ya gwada.

Arvid zai riga kowa isa wurin, sanye da sabuwar rigar, wadda ya ce tana wari kamar kanti kuma ba ta da murya. Ba za a fara addu'a ba sai Rhonda ta je ƙetaren fadama, inda ta tsaya ranar da aka yi kora, ta ɗaga masa hannu cewa tana ganinsa.